Manya a Ƙarshen Layi

A asibitin da nake aiki Mai Kaset ake kirana, tun daga masu gadi har likitoci, kuma na daina jin haushi tun tuni. Ofishina yana can ƙarƙashin bene, bayan ɗakin wanki, ɗaki ne marar taga mai sanyi kamar cikin firji. Kujera ɗaya ce a ciki, sai wata doguwar kabad ta ƙarfe cike da manyan faifan kwamfuta wadda muke kira rumbu, sai injin kaset a gefenta. Duk abin da asibitin ya rubuta ko ya ɗauka a yini, sakamakon gwajin jini ne, takardar magani ce, hoton ƙashi ne ko na ƙirji, a rumbun nan yake kwana. Aikina shi ne in tabbata an kwafe shi a kan kaset, don ranar da rumbu ya yi tutsu a samu inda za a dafa. Kullum da safe nakan zare kaset ɗin da aka yi aiki da shi, in rubuta kwanan wata a jikinsa, in kai shi wata kabad mai makulli a ginin da ke tsallaken tsakar asibitin.

Yaya, babbar yayata wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba ta taɓa yarda wannan aiki ne ba. Cewa take ita ma ta yi zamani da kaset, da biro take juya shi in ya sarƙe, kuma ba wanda ya taɓa ba ta ofis a kan haka. In baƙi suka tambaye ta me Autanta yake yi, sai ta ce yana asibiti, ta bar su su ɗauka likita ne. Amma duk wata takarda mai muhimmanci da ta mallaka ni take kawo wa. Takardar gidanta tana wurina, haka takardun makarantar 'yarta. Ta ce tunda sana'ata ajiya ce, bari ta ci moriyar wahalar da ta sha a kaina.

Injin kaset yana da hali biyu da duk mai sana'armu ya sani. Na farko, ba ya son jira. In bayanai suna zuwar masa ta kebul da sauri, sai ya miƙe da gudu, ka ji ƙararsa ɗaya tak mai daɗin ji. In kebul ɗin ya yi masa rowa kuwa, sai ya tsaya, ya ja da baya, ya sake ɗaukar gudu, ya sake tsayawa. Goge takalmi muke kiran wannan, don gaba da baya yake yi a wuri guda, lokaci yana tafiya, kaset yana cin jikinsa. Kebul ɗin asibitinmu kuwa ya girmi wasu daga cikin ma'aikatan jinya.

Na biyu shi ne lambar da ke jikin kwalin kaset. Lamba biyu ake bugawa na yawan bayanan da yake ɗauka, terabait goma sha biyu da ƙananan baƙaƙe, talatin da manya, sai can ƙasa a rubuta "in an matse". Matsewar nan gaskiya ce, injin yana yi, kamar yadda Yaya take hawa kan akwatin tafiya ta zauna har zif ya rufe. Sai dai akwatin tufafi ne yake jin nauyin mutum, cika shi da tukwane ka hau ka gani. Rubutu yana matsuwa sosai. Hotunan da babban injin ɗaukar hoto yake fitarwa kuwa a matse suke fitowa tun daga can, babu sauran iskar da za a fitar musu.

Na san wannan a takarda. Amma lokacin da aka ce in tsara yadda kwafin zai riƙa gudana, wata uku kacal da kama aikina, da talatin na yi lissafi, da kuma saurin da yake tafiya da talatin ɗin. Lissafi ya fito tsaf: a fara bayan an tashi aiki, a gama kafin bakwai na safe. Bakwai ɗin nan ba ta wasa ba ce. In kwafi yana gudana aka buɗe ɗakunan ganin likita, kebul ya cushe, hoto ya ƙi buɗewa a gaban likita, sai waya ta fara ƙara a ofishin shugaban sashenmu.

Shi wannan shugaba, a bayan idonsa Malam Kore muke ce masa. Mutum ne mai tsafta, mai kyakkyawan rubutun hannu, wanda ba ya saukowa ƙarƙashin bene sai in da baƙi. Kullum da safe rahoton kwafi yana fitowa a allon kwamfutarsa, kore in komai ya tafi daidai, ja in an samu matsala, kuma gaisuwarsa gare ni ba ta wuce "Kore ne?" Wata shida kore ne. Sai aka kawo sabon injin hoto, wanda yake ɗaukar ƙirjin mutum ɗaya sala-sala har sala dubu. Daga nan injina ya shiga goge takalmi, bakwai ta yi bai gama ba, rahoto ya yi ja kwana goma sha ɗaya a jere. Malam Kore ya daina amsa gaisuwata. A rana ta goma sha biyu ya ce min a gaban masu shara, in aikin ya fi ƙarfina akwai masu jiran kujerar.

Abin da na yi, har yau in na tuna sai in ji kunyar yadda ya burge ni a lokacin. Na jera fayilolin bisa girmansu, ƙanana a gaba, manya a ƙarshen layi. Na sa injin ya riƙa tsayawa da kansa bakwai saura kwata, duk inda ya kai. Sannan na koya wa rahoton ya ƙirga yawan fayil ba nauyinsu ba, in an kwafi casa'in da tara cikin ɗari ya nuna kore. Ƙananan nan dubbai ne, kuma nan da nan suke shigewa. Abin da ya rage na ce gobe ya shiga. Abin da na ƙi tsayawa in duba shi ne gobe ma tana zuwa da nata ƙananan, su shige gaba, manyan su sake komawa baya. Wasu kan samu shiga ranar da aiki ya yi sauƙi, mafiya girma kuwa ba su taɓa ganin kaset ba. Sau ɗaya na rubuta takarda ina neman sabon kebul da injin kaset na biyu. Ba a amsa ba, ni ma ban bi sawu ba, don wa yake saya wa mai lafiya magani? Malam Kore ya dawo yana amsa gaisuwata, har da tambayar iyali.

A cikin wannan zaman lafiyar ne Yaya ta yi tari na wata biyu, aka sa ta a sabon injin hoton nan. Tarin ya warke da kansa, amma hoton ya nuna ɗan tabo a huhunta na dama. Likitan da ya duba ya ce kada a tayar da hankali, sau da yawa irin wannan tsohon tabo ne. A bar shi shekara guda, a sake ɗauka, a haɗa hotunan biyu. In yana nan yadda yake, shi ke nan. In ya girma, sai a san abin yi.

Ranar na hau sama na same ta a layin tagar da ake ba marasa lafiya kwafin hotonsu a faifan sidi. Ita ce ta ashirin da wani abu, ƙafafunta sun kumbura, tana fifita da katin asibiti. Na ɗauki jakarta.

"Tashi mu tafi, Yaya. Me za ki yi da faifai? Ai ni nake ajiye su."

"Ka tabbata, Auta?"

"Duk hoton da ke asibitin nan a hannuna yake kwana."

Ta yi dariya ta ce yau dai kaset ya yi rana. Na raka ta bakin titi na tsayar mata da mota, ina jin kaina wani babba.

Wata goma sha huɗu bayan haka, wata Asabar da rana, na'urar sanyaya ɗakina ta mutu babu kowa a wurin. Litinin da safe na buɗe ƙofa zafi ya buge ni a fuska, fitilu uku a jikin rumbu sun yi ja. Rumbun yana iya jure mutuwar faifai biyu, uku kuwa sun fi ƙarfinsa. Komai ya tafi. Malam Kore ya sauko ƙarƙashin bene ba tare da baƙi ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana share zufa, ya ce ai Allah ya taimake mu muna da kaset. Na ce ƙwarai kuwa.

Kwana huɗu ina mayar da bayanai a sabon rumbu, kaset bayan kaset. Gwajin jini ya dawo, takardun magani suka dawo, jadawalin aikin ma'aikatan jinya na shekara uku ya dawo har da waɗanda aka soke. Mutanen da ba su taɓa sanin hanyar ɗakina ba suka riƙa leƙowa suna sa min albarka, wata ma har da kawo min shayi. A rana ta huɗu, wadda a cikinta aka sake ɗaukar hoton Yaya a sama, na buga lambar katinta. Hoton fuskarta na kati ya fito, tana harara kamar kullum in an ce ta kalli kyamara. Takardar ranar komawarta ta fito. Rubutaccen bayanin likita ya fito, layi shida. Inda hoton huhun ya kamata ya kasance babu komai.

Na san dalili tun kafin in ɗaga hannuna daga kan tebur. Duk da haka na tsallaka na kwaso kaset na watan da aka ɗauki hoton, da na wata uku bayansa, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman makulli a aljihun da ya riga ya lalube sau goma. Kowanne a wuri guda yake ƙarewa, bakwai saura kwata. Da na gaji na zauna na ƙirga waɗanda suka rasa hotonsu. Mutum ɗari uku da goma sha biyu ne.

Likitan farko ya bar asibitin, wadda take duba Yaya yanzu mace ce marar yawan magana. Na je na same ta da kaina. Ta juyo min da allonta ta nuna min tabon da bakin biro, ɗan fari kamar ƙwayar wake. Ta ce ita milimita goma ta auna, bayanin wancan likitan kuma ya ce "kimanin takwas". Biyun da ke tsakani za su iya zama girma, za su iya zama bambancin hannun masu awo kawai. Da hotunan biyu suna gabanta, minti biyar sun ishe ta. Yanzu kuwa zaɓi biyu ne: ko a jira wata shida a sake ɗauka, alhali in mugun abu ne an ba shi lokaci, ko a yi aiki a yanko shi, don inda yake allura ba ta kaiwa balle a ɗebo a gwada. Ta tuna min Yaya tana da hawan jini da ciwon suga, sai ka ce ban sani ba. Sannan ta tambaya ko an ba majinyaciyar faifai a wancan lokacin. Na ce ba a ba ta ba.

Da rana Malam Kore ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya miƙo min takarda da kyakkyawan rubutunsa. Takardar ta ce zafin ranar Asabar ya taɓa wasu kaset, shi ya sa wasu hotuna suka ƙi karantuwa. Abin da ya rage in sa hannu. Na ce yallaɓai, ai kaset ba a ɗakin suke kwana ba. Ya ce wa ya san wannan ban da ni da shi? Ya ce shi dai kore ya gani shekara biyu, kuma in aka zo neman wanda ya koya wa rahoto irin wannan ƙirga, ba shi ba ne. Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ƙona min rai. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba na ce zan duba.

Na tashi aiki da wuri na tafi gidan Yaya, na hau matakala zuwa hawa na uku inda take zaune. Na same ta a falo tana ninke wanki, 'yarta kuma, wadda malamar makaranta ce, tana duba takardun ɗalibai a kan tebur. Labarin zafi ya riga ni isa, don asibiti ba ya riƙe magana. 'Yar ta ce sannu Kawu, sun ji abin da ya samu injina, ƙaddara ce. Na zauna na faro bayani tun daga nesa, kebul, goge takalmi, goma sha biyu da talatin, akwati da tukwane. Ina jin kaina ina zuba kamar mai tallan magani. Yaya ta bar ni na yi nisa, sannan ta ajiye zanen gadon da ke hannunta.

"Auta, hoton yana nan ko babu?"

"Babu, Yaya."

"Zafin ne ya cinye shi?"

Takardar tana aljihuna, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina. Da na ce e, da ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ƙarasa wankinta, ta tashi ta zuba min abinci. Na san ta sarai, kuma wannan sanin ne ya hana ni.

Na ce ba zafi ba ne. Na ce hoton bai taɓa shiga kaset ba, tun ranar da na ɗauki jakarta a layi babu shi a hannuna. Na gaya mata yadda na jera ƙanana a gaba manya a baya don in samu kore, da yadda ƙananan suka dawo duk, ko ɗaya bai ɓata ba. 'Yar ta ajiye jan bironta. Da Yaya ta zage ni da na samu sauƙi, don ta iya faɗa, ta wanke ni tas sau ba adadi a kan abin da bai kai wannan ba. Sai kawai ta tambayi mutum nawa abin ya shafa, na faɗa mata.

"Su ma ka ce su tashi daga layi?"

"A'a. Yawancinsu sun karɓi faifansu."

"To," ta ce, ta ɗauki zanen gadon ta ci gaba da ninkewa.

Washegari na mayar wa Malam Kore takardarsa ba sa hannu, tare da tawa mai shafi uku. Aka kafa kwamiti, har yanzu yana zama, kuma ban san ko kujerar tawa ce a wata mai zuwa ba. Kebul ɗin da na nema kusan shekara biyu da suka wuce, cikin kwana shida aka ja shi. Injin ya daina goge takalmi, ƙararsa ɗaya ce yanzu, kuma ba na iya zama a ɗakin in yana gudu.

Yaya ta zaɓi aiki. Ta ce ba za ta iya kwana wata shida da abin da ba ta san sunansa ba a ƙirjinta. Na roƙe ta ta jira, 'yarta ma ta roƙa, ta ce ai ta yi jiran shekara guda ta ga abin da ya haifa. Kwana biyu kafin a kwantar da ita na hango ta a layin tagar nan, ita ce kusan ta talatin, tana jiran faifan sabon hotonta. Ta gan ni, na gan ta. Ba ta kira ni ba, ni ma ban isa in je in ɗauki jakar ba. Na tsaya a bayan ginshiƙi kusan awa biyu har ta karɓa, ta naɗe shi a hankici, ta tura can ƙasan jaka.

Ranar aikin da safe muna tsaye a bakin ƙofar tiyata, an sa mata rigar nan mai ɗauri a baya, ta yi ƙanƙanta a kan keken marasa lafiya. Ma'aikaciyar jinya ta ce ta cire duk abin da ke jikinta. Tun ina yaro, in Yaya za ta yi wani abu da hannu biyu, ni take miƙa wa abin da take riƙe da shi, ko waiwayowa ba ta yi. Hannuna ya riga ya miƙe. Ta cire 'yan kunne ta ba 'yarta. Ta ba ta waya, ta ba ta makullan gida, ta ba ta jakar, ta ce faifai yana ciki kada ta ajiye ta ko'ina. Sannan ta sunkuya da ƙyar ta zare silifas ɗinta ta ɗora min a tafin hannu.

"Riƙe min waɗannan, Auta. Ka ce ƙanana ba sa ɓace maka."

Da murmushi ta faɗa, irin tsokanarta ta kullum, har ma'aikaciyar jinyar ta yi dariya ba tare da ta san kan zancen ba. Aka tura keken, ƙofa ta rufe.

Awa uku da rabi muna kan benci kafin likita ta fito ta sauke takunkuminta. Ta ce an ciro, kuma gwajin farko ya nuna tsohon tabo ne, ƙila ya fi shekara ashirin a wurin. Sai dai jinin Yaya ya ba su wahala a tsakiyar aikin, za ta yi kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman da bututu a haƙarƙari. An yanke ɗan ɓangaren huhu, hawa bene zai riƙa sa ta haki. 'Yar ta fashe da kukan murna, ta riƙe hannun rigata tana cewa Kawu ba komai ba ne, ba komai ba ne. Na yi hamdala, kuma har cikin zuciyata na yi ta. Amma ni da likita mun san da hotunan nan biyu ne, minti biyar za a yi, da yanzu Yaya tana gida tana ninke wankinta da huhunta cikakke. Likitar ba ta faɗa ba. Ta dube ni, ta dubi silifas ɗin da ke hannuna, ta wuce.

Aka bar mu muka leƙa ta gilashi. Tana kwance ba ta san inda take ba, ƙafafunta sun leƙo daga ƙarƙashin mayafi. 'Yar ta share ido ta ce in tura takalman ƙarƙashin benci, ai ba yau ko gobe za ta taka ƙasa ba.

Na ce ta bar su, ina riƙe.